Gasa Talotalo a Bayan Gida: Tukunya Marar Mai ko Murhun Banda?

Duk wanda ya shekara a Amurka ya san yadda shaguna ke cika da daskararrun talotalo da zarar Nuwamba ta kama. Alhamis ta huɗu a watan ita ce Ranar Godiya, wadda Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana a 1863, majalisar dokokin ƙasar kuma ta tsayar da ita a wannan Alhamis ɗin a 1941. Mu da ke zaune a nan, ko da ba mu ɗauki ranar da wata ma'ana ba, hutu ne da ake samun kowa a gida: yara ba makaranta, manya ba aiki. Sai a kira 'yan'uwa da abokan arziki a ci abinci tare, kuma naman da ya fi kowanne araha a makon shi ne talotalo.

Sai dai talotalo ba kaza ba ne. Tsuntsu ne babba, ƙirjinsa ba kitse, cinyarsa kuma tana son wuta fiye da ƙirjin. Kafin cinya ta nuna, ƙirji ya bushe ya zama kamar auduga a baki. Ga kuma obin ɗaya tak a kicin, wanda masu girki ke jira domin wasu abubuwan. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke fitar da aikin waje.

A da, hanyar da ta yi suna a kudancin ƙasar ita ce a tsoma tsuntsun ɗungurungum cikin tafasasshen man gyaɗa, galan uku zuwa biyar, a kan murhun gas. Yana da daɗi, kuma minti uku zuwa huɗu ne kowace laba, wato kusan rabin kilo. Amma idan akwai sauran ƙanƙara a cikin naman, man yakan yi ambaliya ya sauka kan wuta, kuma masu kashe gobara a Amurka kowace shekara sai sun ja kunnen jama'a a kan haka. Ni dai ba na ba kowa shawarar wannan hanya a gidan da yara ke kai-komo. Hanyoyi biyun da suka rage su ne tukunyar da ake kira mai suya ba mai, da murhun banda. Na yi aiki da kowanne, kuma abin da zan faɗa tun farko shi ne: ba na'urar ce ke ceton talotalo ba, gishiri ne da ma'aunin zafi. Na'ura tana yanke maka abu biyu ne kawai, wato awa nawa za ka yi a waje, da kuma irin ɗanɗanon da za ka samu.

Mene ne bambancinsu?

Tukunya marar mai, wadda aka fi sani ita ce Big Easy ta kamfanin Char-Broil, suna ne kawai aka ba ta na suya. Gashi take yi. Ganga ce ta ƙarfe mai bango biyu, wutar gas tana ci a tsakanin bangayen, bangon ciki ya yi zafi ƙwarai ya riƙa dukan naman ta kowane gefe, kamar yadda garwashi ke dukan tsire da aka kakkafa a kewayensa. Ana saka tsuntsun a tsaye cikin kwandon ƙarfe, a zura shi ciki, samanta kuma a buɗe yake. Tana ɗaukar talotalo har mai laba 16, kimanin kilo 7, kuma tana cin kusan minti 10 kowace laba. Fatar tana fitowa ja, tana ƙaras-ƙaras. Ƙamshin hayaƙi kuwa babu.

Murhun banda akasin haka ne. Wuta tana gefe ko can ƙasa, naman yana nesa da ita, zafi da hayaƙin itace ne ke zagayawa a rufe har ya nuna. Akwai mai gawayi irin Weber Smokey Mountain, akwai mai cin 'yan dunƙulen garin katako da lantarki ke turawa irin Traeger, akwai kuma doguwar ganga mai akwatin wuta a gefe da mutanen Texas ke alfahari da ita. Wanda ya taso yana cin kifi banda ko naman daji a miya ya san ƙamshin da ake nema. Bambancin kawai shi ne bandar gida ana yin ta ne don nama ya bushe ya daɗe, wannan kuwa ana so ya nuna ne da ruwansa a jiki, a ci a ranar.

Saye da narkarwa

Kada girma ya ruɗe ka. Talotalo mai laba 12 zuwa 14, wato kilo 5 da rabi zuwa 6 da 'yan kai, shi ne daidai ga hanyoyin biyu. A tukunya marar mai, babba yakan matse a kwando, fikafikansa su taɓa bango su ƙone. A murhun banda kuma, babba yakan daɗe cikinsa bai ɗauki zafi ba, kuma tsakanin digiri 4 da 60 na Salshiyos ne ƙwayoyin cuta irin salmonela ke hayayyafa. Idan baƙinka suna da yawa, ƙanana biyu sun fi ƙato ɗaya. Mai neman yankan halal ya yi wa mahaucinsa magana tun makonni biyu ko uku kafin ranar, domin a makon ƙarshe yakan yi wuyar samu.

Karanta ledar kafin ka biya. Yawancin na manyan shaguna, irin su Butterball, an riga an yi musu allurar ruwan gishiri, kuma ana rubutawa a jiki. Irin wannan idan ka ƙara masa gishiri kamar yadda zan bayyana a ƙasa, zai yi yawa. Rabin adadin ya ishe shi, ko ma ka bar shi haka.

Narkarwa ita ce inda mutane suka fi makara. Ma'aikatar noma ta Amurka, wadda ke kula da lafiyar nama, ta ce a ba kowace laba 4 zuwa 5 awa 24 a cikin firji. Mai laba 12 kwana uku ke nan. Idan Alhamis za ka gasa, sauke shi daga firiza tun Asabar da dare ko Lahadi da safe, ka ɗora shi a faranti mai zurfi a can ƙasan firji don kada ruwansa ya ɗiga kan wani abinci. Idan lokaci ya ƙure, nutsar da shi da ledarsa cikin ruwan sanyi, kana canza ruwan duk bayan minti 30. Wannan yana cin minti 30 kowace laba, wato awa shida, kuma da ya narke sai a wuce da shi wuta. Kada ka bar shi a kan teburin kicin ya kwana, komai sanyin gari.

Da ya narke, zura hannu ta ƙasa da kuma ta wajen wuya. Za ka tarar da wuyan da wata 'yar jaka mai hanta da ƙundu da zuciya. Fitar da su ka ajiye don romo. Cire robar da aka ɗaure ƙafafu da ita, da ɗan maɓallin robar da wasu kamfanoni ke cusawa a ƙirji wai ya yi tsalle idan nama ya nuna. Ba abin dogaro ba ne, sau da yawa sai ƙirji ya bushe yake tashi.

Akwai maganar wanki. Hukumomin nan sun ce kada a wanke ɗanyen naman tsuntsu, domin fantsamar ruwan tana watsa ƙwayoyin cuta a kicin, wuta ce ke kashe su ba ruwa ba. Na san a gidajenmu ba a ɗora naman da ba a wanke ba, kuma ba zan yi jayayya da iyayenmu mata a kan haka ba. Idan za a wanke, a kwashe duk kwanuka da kayan lambu daga wajen, a sassauta famfo, a kuma wanke wurin da sabulu da ruwan zafi bayan an gama.

Gishiri, kwana ɗaya kafin ranar

Nan ne zan daɗe, domin nan ne ake cin nasara ko a faɗi. Goge tsuntsun da takardar goge-goge har ya bushe ciki da waje. Auna gishiri giram 8 zuwa 10 ga kowane kilo. Ga mai laba 12, kusan cokali uku ne na cin abinci, a shafe ba a tula ba. Zura yatsunka a hankali tsakanin fata da tsokar ƙirji ka raba su ba tare da ka yaga fatar ba, haka ma a cinya. Shafa mafi yawan gishirin a kan tsokar kanta, sauran a kan fata da cikin ciki. Sai ka mayar da shi firji a buɗe, ba murfi ba leda, ya yi awa 24. Idan ya samu 48 ma ya fi.

Abin da ke faruwa shi ne gishirin yana jawo ruwa daga naman, ya narke a cikinsa, sannan naman ya sake shanye ruwan da gishirin ciki. Tsokar da ta sha gishiri haka ba ta matse ruwanta waje sosai idan ta ji wuta. A lokaci guda iskar firji tana busar da fatar, kuma busasshiyar fata ce kawai ke yin ƙaras-ƙaras. Wasu sun fi son jiƙa shi cikin bokitin ruwan gishiri. Yana aiki, amma yana cin wuri, kuma fatar takan jiƙe ta ƙi soyuwa.

Kayan ƙamshi kuwa, daka tafarnuwa da citta da masoro da ɗan kanumfari da barkono, ka kwaɓa da man shanu mai laushi, ka tura ƙarƙashin fata da safiyar ranar. A ƙarƙashin fata nake cewa, ba a kanta ba, kuma ga dalili. Shekarar farko da na yi amfani da tukunya marar mai, na bulbule tsuntsun da yajin tsire ta waje, kamar yadda zan yi wa kaza. Kafin awa ɗaya ƙuli-ƙulin da ke cikin yajin ya ƙone ya yi baƙi, fatar ta yi ɗaci, alhali ciki bai nuna ba. Zafin bangon tukunyar yana ƙona duk abin da ke da sukari ko garin gyaɗa. Yajin tsire a ajiye shi sai an yanka nama, a barbaɗa a faranti. Ta waje mai kawai za ka shafa, man gyaɗa ko makamancinsa, siriri.

Kada ka cusa shinkafa ko burodi a cikinsa, ko wace hanya ka zaɓa. Rabin albasa da 'yan ganyen ƙamshi sun isa. Ciki yana bukatar iska mai zafi ta ratsa shi.

Idan tukunya marar mai ce

Kafa ta a fili, kan siminti ko ƙasa shimfiɗaɗɗiya wadda ba ta karkace ba, nesa da bango da rumfa da busassun ganye. Kada a kunna ta cikin gareji ko da ƙofa a buɗe take, domin iskar kabon monoksaid ba ta da wari kuma tana kisa. Duba tukunyar gas ɗinka tun jajibere, ka shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo: idan ya yi kumfa, akwai yoyo. Idan sabuwa ce, shafa wa bangon ciki mai ka kunna ta babu komai har man ya ƙone ya bar bangon ya yi duhu. Wannan duhun yana taimaka mata, kada ka kankare shi daga baya.

Shafa wa kwandon mai don kada fata ta manne. Tsayar da talotalon ƙafafu ƙasa, ƙirji sama, a tsakiya sosai. Lanƙwasa fikafikan baya ko ka ɗaure su da zaren girki. Shimfiɗa takardar alminiyom a farantin da ke ƙasa mai tarar kitse. Kunna wuta, zura kwandon da ƙugiyarsa, ka duba agogo.

Mai laba 12 zai nemi wajen awa biyu. Idan ana iska ko sanyi mai tsanani zai ɗara haka, shi ya sa yana da kyau ka samar mata wurin da iska ba ta bugawa kai tsaye. Ainihin samfurin ba shi da wani maɓallin daidaita zafi na a-zo-a-gani, saboda haka aikinka kallo ne. Murfin raga da ke zuwa da ita ba na rufewa tun farko ba ne. Yana mayar da zafi kan saman ƙirji, don haka sai a minti 15 na ƙarshe ake ɗora shi idan saman bai yi ja ba. Idan kuma ka ga bakin fikafikai ko ƙafafu na neman ƙonewa, ɗaga kwandon ka naɗe su da alminiyom. Fara aunawa tun saura minti 30 a lissafinka.

Idan murhun banda ne

Wannan yana son wanda zai zauna da shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki ƙa'idar gasa ƙirjin saniya a ɗora wa talotalo. Naman saniya mai jijiya yana son ƙaramar wuta ta awa goma ko fiye don jijiyar ta narke. Talotalo ba shi da wannan jijiyar. Idan ka riƙe shi a digiri 107 zuwa 120 na Salshiyos, wato 225 zuwa 250 a ma'aunin Faranhait da ke jikin murhunan nan, zai ci minti 30 ko fiye kowace laba, awa shida ke nan ko bakwai, kuma fatar za ta fito kamar roba. Ni ina riƙe wutata a 150 zuwa 160, wato 300 zuwa 325 na Faranhait. Mai laba 12 yakan nuna cikin awa uku zuwa uku da rabi, hayaƙi ya shige shi yadda ya kamata, fatar kuma ta ciwu.

Itacen da ka zaɓa shi ne ɗanɗanonka. Na tuffa da na ceri suna da sanyin ƙamshi, ceri kuma yana ba fata wani ja mai kyau. Pikan yana tsaka-tsaki. Hikori yana da ƙarfi, guntu ɗaya a haɗa da na tuffa ya isa. Meskit ya yi wa naman tsuntsu nauyi. Kada ka kusanci itace mai ƙaro irin fayin, ko katakon gini, ko wanda aka yi wa fenti. Guntaye biyu ko uku masu girman dunƙulen hannu sun wadatar, domin naman tsuntsu yana shan hayaƙi da sauri, kuma idan ya yi yawa sai ya koma ɗaci.

Hura gawayin har ya yi fari-fari da toka, ɗora itacen, ka jira. Farin hayaƙi mai kauri da ke tashi da farko ba shi ake so ba. Sai ya lafa ya zama siriri mai shuɗi-shuɗi, wanda da ƙyar ake ganinsa, sannan a saka nama. Bar hujin sama a buɗe koyaushe, da na ƙasa ake ƙara wuta ko a rage ta. Idan murhunka mai kwanon ruwa ne, ruwan zai hana zafi hawa inda kake so, saboda haka naɗe kwanon da alminiyom ka bar shi ba ruwa. Kada ka yawaita ɗaga murfi. Duk ɗagawa zafi ne ke tsere maka, lokaci kuma ya ƙaru.

Ga wata dabara da murhun banda ke ba ka wadda kwando ba zai ba ka ba. Ɗauki almakashi mai ƙarfi ka yanke ƙashin baya ta gefe biyu, ka kifa tsuntsun, ka danna ƙirjin da tafin hannu har ƙashin ya karye ya baje. Talotalon da aka baje haka yana nuna da wuri, cinya tana samun wuta sosai, ƙirji kuma ba ya wuce gona da iri. Ba zai zo tebur da siffar da ake gani a hotuna ba, amma ya fi daɗi a baki.

Wani abu da ya shafe mu: maƙwabci zai iya ba ka aron murhunsa da zuciya ɗaya, ko ka samu na hannu da araha. Ka tambaya me aka saba gasawa a ciki, domin a ƙasar nan naman alade ne kan gaba a harkar banda, kuma kitsensa yana kama raga da bango.

Ma'aunin zafi ne alƙali

Agogo kiyasi ne kawai. Sayi ma'aunin zafi mai tsinke, wanda ke nuna lamba cikin daƙiƙu. Soka shi wuri uku: mafi kaurin ƙirji, can cikin cinya, da gindin fiffike, kana kauce wa ƙashi. Dole kowanne ya kai digiri 74 na Salshiyos, wato 165 na Faranhait. Wannan ita ce ƙa'idar ma'aikatar noma. Cinya ta fi daɗi idan ta kai 80, ƙirji kuwa duk digirin da ya ƙaru bayan 74 ruwa ne yake asara. Don haka da ƙirji ya cika, in dai sauran wuraren biyu ma sun kai 74, sauke.

Naman banda yakan yi ruwan hoda a ƙarƙashin fata ko da ya nuna sarai. Iskar da ke cikin hayaƙin ce ke haɗuwa da launin tsoka ta riƙe shi haka. Ka sanar da baƙi tun kafin wata inna ta ce a mayar da shi wuta. Launi ba shaida ba ne, lambar ma'auni ce shaida.

Bar shi ya huta minti 20 zuwa 30 kafin wuƙa ta taɓa shi, don ruwan da zafi ya kora ya koma ya zauna cikin tsoka. Kada ka naɗe shi ruf da alminiyom, tururi zai lalata fatar da ka sha wahala a kanta. Cire cinyoyi da fikafikai tukuna, sannan ka ɓamɓare kowane ɓangaren ƙirji ɗungurungum daga ƙashi ka yanka shi a gicciye, kowane yanki da fatarsa.

To wanne za ka saya?

Idan karon farko ne, baƙi suna hanya, kuma kana so ka samu jam'in azahar da la'asar ba tare da hankalinka na kan wuta ba, ɗauki tukunya marar mai. Kuskure a cikinta kaɗan ne, kuma fatarta babu kamarta. Kitsen da ya taru a farantinta ma yana yin romo mai kyau idan ka tafasa shi da wuya da ƙundun da ka ajiye. Rauninta shi ne ɗanɗanon bai wuce na gashin obin mai kyau ba, kuma in ban da kaji da ƙatuwar tsoka ba abin da take yi sosai.

Ni kuwa zuciyata tana wajen banda, kuma dalilina yana zuwa ne washegari. Baƙaƙen fatan kudancin ƙasar nan da yawa suna dafa ganye da wake da fiffike ko wuyan talotalo mai hayaƙi a madadin naman alade, kuma ranar da na jefa ƙashin bandar talotalo cikin miyar kuka na gane abin da suka gani. Kafin awa biyu su cika da saukewa, zare sauran naman daga ƙashi, ka zuba a ƙananan robobi marasa zurfi ka saka firji. Zai yi kwana uku zuwa huɗu, abin da ya wuce haka a kai firiza, kuma duk wanda za a ɗumama ya sake kai digiri 74. Ƙasusuwan kuma ka karya su, ka zuba ruwa ya rufe su da albasa ɗaya da ɗan daddawa, ka bar su a ƙaramar wuta awa biyu zuwa uku, ka tace, sannan ka kaɗa kukarka a ruwan.